Mataci da Tsiron Dawa: Tarihin Kwandon Tace Giya a Ƙasar Daudawa

1. Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, kuma suna da hujjar yin haka, domin a nan ne rubutattun bayanai suka fi yawa. Amma akwai wani tarihin da ba a rubuta ba, wanda sai dai a karanto shi a jikin kayan aikin gida. Wannan maƙala ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan kaya, watau matacin da matan Maguzawan kudancin Katsina suka daɗe suna tace giyar dawa da shi, wanda asalinsa saƙaƙƙen kwando ne, daga baya ya koma ragar ƙarfe.

Tambayoyi biyu ne za a bi. Ta farko, me ya sa masu dafa giya a gida a ƙasashen Turai suke zuba hatsinsu cikin kwandon ragar ƙarfe tun daga farkon aiki, su jiƙa shi a ciki, alhali a ƙasar Daudawa kwando sai wajen ƙarshe yake shigowa? Ta biyu, me ya sa da ƙarfe ya iso Daudawa ya canza jikin matacin, amma bai gusar da shi daga inda yake a jerin aikin ba? Za a nuna cewa amsar duka biyun tana cikin ƙwayar dawa ita kanta, kuma matan da suka gano haka sun riga masana'antun zamani da ƙarnuka masu yawa.

Haramcin giya a Musulunci ba abin ja ba ne. Nazarin tarihinta kuwa daidai yake da nazarin bori ko tsafe-tsafen da aka bari: ana yin sa ne don a san yadda kakannin Hausawa suka rayu da irin ilmin da suka mallaka.

2. Ƙasar da mutanenta

Daudawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, a kudu maso yammacin Jihar Katsina. Ƙanƙara tana arewa maso gabas da ita, Sabuwa tana kudu, Funtuwa tana kudu maso gabas, daga yamma kuwa dazuzzukan da suka haɗe da ƙasar Zamfara da Birnin Gwari ne. Ruwan sama a wannan yanki yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, ya ɗara na Birnin Katsina nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙasa ce ta dawa, musamman kaura da farfara, ga kuma maiwa da auduga.

Kudancin Katsina yana daga cikin wuraren da Maguzawa suka fi yawa, watau Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya bayan danginsu sun musulunta. Ba su cika zama cikin birni ba. Sukan kafa manyan gidaje a tsakiyar gonakinsu, gida guda ya tara magidanta da dama a ƙarƙashin gandu ɗaya. Joseph Greenberg ya yi bincike a kansu a ƙasar Kano cikin 1938 da 1939, littafinsa ya fito cikin 1946. Jerome Barkow ya kwatanta su da maƙwabtansu Musulmi a wani nazari da ya buga cikin 1973. Murray Last kuma ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970. Bayanan waɗannan masana sun nuna cewa matan Maguzawa ba su yin kulle, suna noma, suna da gayaunarsu da hatsin kansu, kuma dafa giya sana'arsu ce.

Giya ta shiga kusan kowane babban sha'ani na wannan al'umma: aure, da mutuwa, da bukin kaka. Amma inda ta fi tasiri ga tattalin arziki shi ne gayya. Musulmi in ya kira gayya yakan ciyar da mutane da tuwo da fura, Bamaguje kuwa sai ya haɗa da giya. Ta haka dawar bara takan koma giya, giya ta jawo hannuwa zuwa gona, gona ta ba da dawar bana. Mace kuma in ta mai da hatsin gayaunarta giya ta sayar, takan sami abin da ya fi kuɗin tsabar hatsin, ga dusa ta rage mata ta ba dabbobi.

3. Giya kafin zuwan Turawa

Tsufan wannan sana'a ya bayyana a littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi cikin 1908. Da littafin ya zo lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala, kafin zuwan Bagauda, ya ambaci maƙeri da mai magani da maharbi da mai tsaron gari, ya kuma ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya. Ko da an ɗauki wannan sashe a matsayin tunanin mutanen baya game da zamanin da ya shuɗe, ya isa shaida cewa Hausawa sun lissafa dafa giya cikin sana'o'in da gari ke tsayuwa a kansu, kafaɗa da kafaɗa da ƙira.

Da Musulunci ya kafu, giya ta zama ɗaya daga cikin alamun da ake rarrabe Musulmi da wanda ba shi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa shan abin da suka ga dama, halal ko haram, cikin laifuffukan sarakunan Haɓe. Bayan jihadin da aka fara cikin 1804, Katsina ta shiga hannun masu jihadi cikin 1807, 'yan sarautar da aka kora suka koma arewa suka kafa Maraɗi. Maguzawan da suka zauna ƙarƙashin sabuwar daula an ɗauke su a matsayin masu biyan jiziya, aka bar su da al'adunsu a ƙauyukansu. Sakamakon haka giya ta fita daga fada da kasuwar birni, ta koma karkara, ta zauna a hannun mata. A can ne fasaharta ta ci gaba da wanzuwa, uwa tana koya wa 'ya, ba tare da rubutu ba.

Kalmar giya ita ce tsohuwar kalmar Hausa. Burkutu da fito kuwa ana samun su, da ɗan bambancin furuci, a harsuna da yawa na tsakiyar Nijeriya har zuwa arewacin Gana. Bambancin biyun a wurin mataci yake: burkutu mai kauri ce, ba a tsananta tace ta, fito kuwa ana tace ta har ta yi garai-garai.

4. Jerin aikin da matsayin mataci

Ba za a gane muhimmancin mataci ba sai an bi aikin daki-daki. Akwai bambance-bambance daga gida zuwa gida, amma ƙashin bayan aikin ɗaya ne a duk ƙasashen dawa na Afirka ta Yamma, kuma yakan ci kusan mako guda.

Da farko akan jiƙa dawa wajen kwana ɗaya, a tsame, a baza a inuwa, a rufe da ganye ana yayyafa ruwa har kwana uku zuwa biyar, ta tsira. Wannan shi ne tsiro. Sai a shanya shi a rana, a murje saiwoyin, a niƙa. Murje saiwoyi ba don tsabta kaɗai ba ne. Kowane makiyayi ya san ɗanyen gyauron dawa yana kashe shanu, kuma gubar nan tana cikin tsiro. Murjewa da shanya da doguwar dahuwa su ke rage ta.

Daga nan akan dama garin tsiron da ruwa a babbar tukunya, a bar shi ya kwanta. Gari ya koma ƙasa, ruwa ya tsaya a bisa. A nan ne hikimar aikin take. Mai dafawa ba ta ɗora tukunyar duka a wuta. Takan tsiyaye ruwan saman a wani mazubi ta ajiye shi ɗanye, ta dafa kwantaccen garin shi kaɗai har ya yi kauri kamar kunu, sa'an nan ta bar shi ya ɗan huce, ta mai da masa ruwan da ta ajiye. Cikin ɗan lokaci kaurin ya tsinke, zaƙi ya bayyana. Akan bar haɗin ya kwana ya yi tsami, kamar yadda ƙasari ke yi.

Bayan wannan ne mataci ke shigowa. Akan ɗora kwando a bakin randa ko a kan 'yan sanduna, a shimfiɗa ciyawa a cikinsa, a riƙa kwarara haɗin da ƙwarya. Ruwan farko yakan fito da gurɓata, sai a mai da shi ciki har dusar da kanta ta kwanta bisa ciyawar ta zama wani matacin na biyu. In ruwan ya gama tsiyaya sai a bi dusar da ruwan zafi don a kwaso sauran zaƙin da ya maƙale. Tataccen ruwan akan tafasa shi sa'o'i da dama, a bar shi ya huce, a zuba masa ragowar tsohuwar giya mai ɗauke da yis, ya kwana ya tashi. Ƙarfin mayenta bai cika wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari ba, kuma ba ta ajiyuwa: bayan kwana biyu ko uku tsami ya ɓata ta. A Burkina Faso da arewacin Gana mata sukan ƙara yauƙin karan kuɓewa ko ɓawon dargaza a wurin damu, don gari ya yi saurin kwanciya.

Ilmin kimiyya ya bayyana dalilin tsiyaye ruwan nan. Ƙwaya in ta tsira takan samar da wasu sinadarai masu narkar da sitaci su mai da shi sukari, kuma waɗannan sinadarai suna narkewa cikin ruwan damu. Ba su iya aiki sosai a kan ɗanyen sitaci, sai ya dahu ya kumbura. Sitacin dawa kuwa ba ya dahuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ke kashe mafi yawan sinadaran. Ke nan wanda ya dafa tsiron dawa da ruwansa gaba ɗaya ya kashe ma'aikatansa kafin su fara aiki. Mace mai tsiyaye ruwa ta ajiye gefe tana tserar da su ne daga wuta, ta kuma dawo da su lokacin da sitaci ya nuna.

5. Kwandon ƙarfe na Turai

Giyar Turai da sha'ir ake yin ta, sha'ir kuwa ya saɓa wa dawa ta fuska biyu. Ta farko, sitacinsa yana dahuwa a zafin da bai kai na dawa ba, wajen digiri 60 zuwa 65, daidai inda sinadaran tsiro suke aikinsu. Saboda haka babu bukatar raba ruwa da gari. Ta biyu, ƙwayar sha'ir tana da ɓawo manne da ita, wanda ba ya fita a sussuka. Ana ɓarza tsiron ne sama-sama don ɓawon ya tsira da girmansa, in hatsin ya kwanta sai ɓawon ya zama kamar ciyawa, ruwa ya riƙa bi ta tsakaninsa. Dawa ba ta da irin wannan ɓawo, domin ƙaiƙayinta tun a masussuka yake rabuwa da ita.

Tun da aka ɗage wa masu dafa giya a gida sharaɗin lasin a Ingila cikin 1963, aka kuma halatta yin haka a dokar tarayyar Amurka cikin 1978, aka yi ta ƙera musu ƙananan kayan aiki. Daga cikin waɗanda suka bazu a wannan ƙarni akwai tukunyar lantarki mai kwandon ƙarfe a ciki, irin su Braumeister ta Jamus da Grainfather ta Niyuzilan. Akan zuba ɓarzajjen tsiro cikin kwando na ƙarfen da ba ya tsatsa, a nutsa shi cikin ruwa mai zafin wajen digiri 65, a bar shi kimanin sa'a guda, wani ɗan famfo yana ɗebo ruwan daga ƙasa yana mai da shi bisa hatsin. In zaƙi ya gama fita sai a ɗaga kwandon a dogara shi a bakin tukunyar ya tsiyaye, a bi shi da ruwan zafi, a ɗauke. Tukunya guda ta wadatar, kwando guda ya zama majiƙi ya kuma zama mataci.

Abin lura shi ne, ko a nan ba ragar ce ke tacewa ba. Aikinta riƙe hatsi, ɓawon sha'ir shi ke tsare gari. Shaidar haka ita ce, masu wannan aiki in za su yi amfani da alkama ko dawa da yawa, sukan cuɗa ɓuntun shinkafa a ciki don kada ragar ta toshe. Abin da ɓuntu ke yi musu shi ne abin da ciyawa ke yi a kwandon Bamagujiya. Ta haka an sami amsar tambaya ta farko. Kwando ba zai zo da wuri a aikin dawa ba, domin dole a fitar da gari a dafa shi dabam, kuma lallausan gari marar ɓawo ba zai zauna cikin raga ba.

Wasu al'ummu sun ajiye matacinsu a wani wurin dabam. A kaburburan Misira ta dauri an sami 'yan gumaka da suka haura shekara dubu huɗu, suna nuna mata sun duƙa suna matse dusa a kwando bisa bakin randa, kusan yadda aka bayyana a sama. Mutanen Iraƙi ta dauri kuwa da dogon tsinke mai rami suke zuƙo giyarsu, da ɗan mataci na ƙarfe ko ƙashi a bakinsa, kuma har yau ana shan giyar gero ta wannan hanya a Yuganda. Mataci ke nan yana iya zama a farkon aiki, ko a ƙarshensa, ko a bakin mai sha, gwargwadon hatsin da al'adar mutane.

6. Zuwan ƙarfe ƙasar Daudawa

Katsina ta shiga hannun Ingila cikin 1903. Tun kafin nan, yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasal ta Beljiyam cikin 1890 ta tanadi hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya sa Jihar Arewa cikin wannan hani. Giyar gida ba ta shiga ciki ba. An bar waɗanda ba Musulmi ba su dafa abarsu, sayar da ita a garuruwa ne aka ɗaure da lasin. Wannan ya ba giyar dawa kasuwar da kwalabar Turai ba ta iya ƙwace mata ba.

Auduga ce ta kawo kuɗi yankin. A shekarun 1920 aka kafa gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, daga baya wurin ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin gwada noma da garmar shanu. An kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, hanyar jirgin ƙasa kuma da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Leburori da ma'aikatan jirgi da na kamfanoni suka taru daga ƙasashe dabam-dabam, da yawansu ba Musulmi ba ne, kuma suna da albashi a hannu. Giyar da aka saba dafawa don gayya da buki ta sami masu saye na kullum.

Dafawa don kasuwa tana bukatar yawa da sauri, kuma a nan ne kayan gargajiya suka gaza. Tukunyar ƙasa tana da nauyi, tana jinkirin ɗaukar zafi, tana fashewa. Jirgin da ke kwashe auduga shi ya kawo garwar kananzir mai galan 4 da duron mai mai galan 44. Duro in an raba shi biyu ya zama tukwane biyu da ba su fashewa. Haka kuma kwandon da aka saƙa da tsagin gora ko gwangwala ba ya jure zafi da tsami a kai a kai, yakan ruɓe, ya yi fumfuna, gara ta ci shi a ajiye. Ragar waya da kantuna suka kawo, wadda masu ƙirar gwangwani da kafintoci suka riƙa ɗaurawa a da'irar kwano ko ta katako suna yin rariya, tana wankuwa, tana saurin tsiyayar da ruwa. Rariyar nan ta shiga kowane gida don tankaɗe da tace koko, ba ta tsaya ga masu giya kaɗai ba.

Sai dai ƙarfe ya zo da nasa matsalolin. Tsamin giya yana cin baƙin ƙarfe, raga ta yi tsatsa ta huje, duro ya saki ƙarfensa cikin abin sha. Likitoci a Afirka ta Kudu sun tabbatar a shekarun 1960 cewa giyar hatsi da ake dafawa a irin waɗannan durorin tana tara ƙarfe a hantar masu yawan shan ta. Ga kuma haɗarin abin da duron ya taɓa ɗauka, mai ne ko maganin ƙwari. Da injin niƙa ya maye gurbin dutsen niƙa, gari ya ƙara laushi, ya riƙa zurarewa ta idon raga ko ya toshe ta. Maganin da aka samo shi ne shimfiɗa ƙyalle ko buhu a kan ragar, watau aka koma ga dabarar ciyawa da sabon kaya. Amsar tambaya ta biyu ke nan: ƙarfe ya canza mazubi da mataci, amma bai canza halin dawa ba, don haka tsiyayewa da dafa gari dabam da tacewa a ƙarshe suka zauna yadda suke. Waɗanda canjin ya shafa su ne maginan tukwane da masu saƙar kwando, waɗanda wani yanki na cinikinsu ya koma hannun masu ƙira.

7. Daga 1960 zuwa yau

Bayan samun mulkin kai abubuwa da dama suka taru suka matse wannan sana'a. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa da ya fara aiki cikin 1960, a sashe na 403, ya sa hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna cikin 1963, giyar kwalba ta janye masu albashi. Rangadin musuluntarwa da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya yi a tsakiyar shekarun 1960, da wa'azin da ya biyo baya, sun shigar da Maguzawa masu yawa cikin Musulunci. Wasu kuma suka shiga Kiristanci, kuma majami'u irin su ECWA su ma sun hana mabiyansu giya. An ƙirƙiri Jihar Katsina cikin 1987, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci cikin 2000. A shekarun baya-bayan nan kuma hare-haren 'yan bindiga sun addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka sace 'yan makaranta fiye da 300 cikin Disamban 2020. Gidajen da ke warwatse a bakin daji, irin zaman da aka san Maguzawa da shi, su suka fi zama cikin haɗari, mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa garuruwa.

A daidai lokacin da sana'ar ke ja da baya a karkara, fasaharta ta sami shiga inda ba a zata ba. Cikin 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanoni suka koma ga dawa da masara, kuma irin gajeriyar kaurar nan mai lamba SK5912, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ta zama abin nema. Nan take injiniyoyi suka ci karo da matsalolin nan biyu: sitaci mai bukatar zafi da yawa, da hatsi marar ɓawo mai toshe mataci. Daga cikin hanyoyin da masu bincike suka gwada suka kuma tabbatar da amfaninsu akwai tsiyaye ruwan damu a ajiye, a dafa garin dabam, a sake haɗawa. Wajen tacewa kuma aka karkata ga injinan da ke matse dusa tsakanin ƙyallaye. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Ko da yake an janye hanin daga baya, dawa ta zauna a masana'antun, har da na lemon tsiro marar maye wanda Musulmi ke sha.

Ba a masana'anta kaɗai ilmin ya tsira ba. Mai yin kunun zaƙi takan raba ƙullunta biyu, ta sheƙa wa kashi mafi yawa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar ɗayan ɗanye ta haɗa shi da niƙaƙƙen tsiro ko dankali, sai zafin na farko ya sauka ta gauraya su, ta rufe ya kwana, da safe ta tace a rariya. Ƙa'idar ɗaya ce da ta mai giya, har zuwa matsayin mataci. Inda suka rabu shi ne mai kunu ba ta zuba yis, ba ta kuma jiran ya tashi.

8. Kammalawa

An ga cewa matsayin kwando a aikin giya halin hatsi ne ya tsara shi. Sha'ir ya yarda a jiƙa shi a tace shi cikin kwandon ƙarfe guda, dawa kuwa ta tilasta a raba ruwa da gari, a kuma nemo mata ɓawon aro daga ciyawa ko ƙyalle. An kuma ga cewa sauyin mataci daga saƙa zuwa raga ya tafi tare da sauyin giya daga abin gayya zuwa hajar kasuwa, a zamanin auduga da jirgin ƙasa.

Akwai aikin da wannan ya ɗora wa masu nazarin harshe. Kowane mataki na wannan sana'a yana da sunansa a bakin masu yin ta: sunan ruwan da aka tsiyaye, da na garin da ya kwanta, da na tatar farko da ta biyu, da na ciyawar da ake zaɓa don shimfiɗa, da na ragowar da ake tayar da sabuwar dahuwa da ita. Ƙamus yakan ba da ma'anar kalma, amma ba ya nuna inda ta faɗo a jerin aiki, wannan kuwa sai daga bakin wadda ta yi da hannunta. Matan da suka yi haka a ƙuruciyarsu tsofaffi ne yanzu, da yawansu sun musulunta ko sun shiga Kiristanci, wasu suna zaman gudun hijira a Funtuwa da Malumfashi da Katsina, kuma ba kowace ce za ta so a tuna mata da sana'ar da ta bari ba. Mai bincike zai fi samun ƙofa in ya fara da kunun zaƙi da koko, ya kuma kiyaye sunan wadda ta ba shi bayani. Ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato su tura ɗalibansu, musamman mata 'yan yankin, su tattara waɗannan kalmomi da Hausar wurin, gidajen tarihi irin su Gidan Makama kuma su adana samfurin kwandunan da sunayensu tun ana samun masu iya saƙa su.